Mahani da Mazugi: Yadda Bakteriya Ke Sarrafa Gadonta

1.0 Gabatarwa

Kowane mai rai yana tafe da rubutaccen gadon da ya karɓo daga iyayensa, kuma a cikin wannan gado ne aka zayyana duk abubuwan da jikinsa zai iya ƙerawa. Sai dai mallakar littafi daban, sanin shafin da ya kamata a buɗe a kowane lokaci daban. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wa mai karatu yadda ƙaramar halittar nan da ake kira bakteriya take zaɓen abin da za ta karanta daga cikin gadonta, da abin da za ta bari a rufe, da kuma wasu furotin na musamman waɗanda ragamar wannan zaɓe take hannunsu. Za a bi labarin tun daga birnin Paris, inda aka fara gano al'amarin, sa'an nan a nuna dangantakarsa da magani da cuta, musamman cutar mashaƙo.

Da yake ilimin baƙo ne ga harshenmu, an raɗa wa wasu abubuwa sunayen Hausa gwargwadon aikin da suke yi, wasu kuwa an bar su da sunayen da masana suka ba su. Za a bayyana ma'anar kowane suna a inda ya fara fitowa.

2.0 Littafin Gado da Magatakarda

Bakteriyar da aka fi yin nazari a kanta ita ce wadda ake kira Escherichia coli, ko E. coli a taƙaice. Wani likitan yara Bajamushe mai suna Theodor Escherich ne ya fara bayyana ta a shekarar 1885. Mazauninta hanjin mutum da na dabbobi, kuma yawancin ire-irenta ba su cutarwa. Wajen ƙanƙanta kuwa, sai an jera kamar guda 500 kai da gindi kafin a cika milimita ɗaya. In ta sami abinci da ɗumi yadda take so, takan rabu gida biyu a cikin minti 20.

Gadonta yana rubuce a jikin wani siririn zare da ake kira DNA, wanda in da za a warware shi, tsawonsa zai kai milimita ɗaya da rabi, watau ya ninka tsawon ita bakteriyar sau ɗaruruwa. Baƙaƙe huɗu kacal aka yi rubutun da su, masana suna nuna su da A, T, G da C. A shekarar 1997 aka gama karance zaren wani iri na E. coli daga farko har ƙarshe, aka tarar da baƙaƙe wajen miliyan 4.6, waɗanda suka kasu babi-babi fiye da 4,000. Kusan kowane babi bayani ne na yadda za a ƙera furotin iri ɗaya. Su kuwa furotin su ne ma'aikatan jiki: wasu suna narkar da abinci, wasu suna shigo da shi, wasu gini suke yi, wasu tsaro.

Littafin ba ya zuwa maƙera da kansa. Akwai wani babban furotin wanda aikinsa shi ne ya hau kan zaren, ya tsaya a mafarin babi, ya bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yana juya su a kan wani gajeren zare da ake kira RNA. A nan za mu kira shi magatakarda. Abin da ya juyo shi ne takardar aike, ita ake kaiwa maƙera a ƙera furotin bisa ga abin da ta ce. Takardar ba ta daɗewa, cikin 'yan mintoci an wargaza ta. Saboda haka da zarar magatakarda ya daina juya wani babi, nan da nan ƙirar wannan furotin za ta tsaya.

To, me zai hana magatakarda ya yi ta juya babi 4,000 ɗin nan duka dare da rana? Amsar ita ce tsada. Babu aikin da yake cin ƙarfin bakteriya kamar ƙirar furotin. Wadda ta ɓata ƙarfinta wajen ƙera abin da ba ta bukata, 'yar'uwarta mai tattali za ta riga ta hayayyafa, kuma ba da jimawa ba zuriyar mai tattalin za ta mamaye wurin. Ashe ke nan tsimi a wurin bakteriya sha'ani ne na rai da mutuwa.

3.0 Abin da Aka Gani a Paris

A farkon Yaƙin Duniya na Biyu wani Bafaranshe mai suna Jacques Monod yana nazarin yadda bakteriya ke yaɗuwa a cikin kwalba, domin neman digirinsa, wanda ya kammala a 1941. Ya lura cewa in aka haɗa mata wasu sukari iri biyu a ruwa ɗaya, ba ta cin su tare. Alal misali, in aka ba E. coli gulukos da laktos, watau sukarin da ke cikin madara, sai ta fara da gulukos ta yi ta yaɗuwa har ya ƙare, sa'an nan ta yi cik na wani ɗan lokaci, daga baya ta juya kan laktos ta ci gaba. A lokacin wannan tsayawa, tana ƙera kayan aikin da a da ba ta da su ne.

Bayan yaƙi Monod ya koma Cibiyar Pasteur, ya ci gaba da bin diddigin wannan al'amari. An gano cewa furotin biyu ne jigon cin laktos: ɗaya yana zaune a jikin bangon bakteriya yana shigo da sukarin, watau shi ne ƙofa, ɗayan kuwa yana raba sukarin gida biyu, watau shi ne wuƙa. In babu laktos, 'yan ƙwayoyi ƙalilan ne na wuƙar nan ake samu a cikin bakteriya. Da an zuba laktos sai yawansu ya ninka har kusan sau 1,000. Masana da yawa a lokacin suna zaton sukarin ne da kansa yake koya wa bakteriya siffar wuƙar da za ta ƙera. Wannan zato ya rushe sa'ad da aka haɗa wasu sinadarai masu kama da laktos, waɗanda suke sa a yi ta ƙera wuƙar, alhali kuwa wuƙar ba ta iya yanka su. Mafi shahara daga cikinsu shi ne wanda ake kira IPTG.

A ginin nan na Pasteur akwai wani masani, François Jacob, wanda ya so zama likitan fiɗa, amma ya shiga rundunar 'yantar da Faransa, ya yi yaƙi a Libya da Tunisiya, ya kuma sami mummunan rauni a Normandy a 1944, abin da ya raba shi da wannan buri. A 1950 ya shiga ɗakin binciken André Lwoff, ya ƙware a kan yadda bakteriya biyu suke haɗuwa ɗaya ta tura wa ɗaya zaren gadonta, babi bayan babi.

Da wannan dabara ce Jacob da Monod da wani Ba'amurke mai suna Arthur Pardee suka yi gwajin da aka buga a 1959. Sun riga sun san akwai wani babi dabam, kusa da babin wuƙa, wanda in ya lalace sai bakteriya ta yi ta ƙera wuƙa babu ƙaƙƙautawa, ko da laktos ko babu. Sai suka ɗauki bakteriyar da babin nan nata ya lalace, babin wuƙarta ma ya lalace, suka sa wata lafiyayya ta tura mata duka biyun. Cikin 'yan mintoci aka fara ƙera wuƙa gadan-gadan, ko da yake babu ko ɗigon laktos a ruwan. Bayan kamar awa biyu kuwa sai ƙirar ta tsaya, ba ta sake tashi ba sai da aka zuba sinadarin da ke buɗe ta. Ma'anar wannan a fili take: sabon babin da ya shigo yana ƙera wani abu mai hanawa, kuma abin yana bukatar lokaci kafin ya taru. Wannan abu shi za mu kira mahani. Ashe laktos ba ya koyar da kome, mahani kawai yake kawarwa daga hanya.

Saura sanin inda mahani yake zama. Jacob da Monod suka sami wani irin lahani na biyu, wanda shi ma yake sa a yi ta ƙira babu tsayawa, amma halinsa dabam ne. Lahani na farko yakan warke in aka shigar da lafiyayyen babin mahani ko'ina a cikin bakteriyar, domin mahani yawo yake yi. Na biyun kuwa ba ya warkewa ta haka, kuma babin da ke manne da shi kaɗai yake shafa. Daga nan suka fahimci akwai wani ɗan gurbi a jikin zaren, daf da mafarin babi, wanda shi ne mazaunin mahani. In gurbin ya lalace, mahani ba shi da wurin zama, kome lafiyarsa. Suka kuma nuna cewa babin wuƙa da na ƙofa da wani na uku suna jere ne wuri ɗaya, mafarinsu ɗaya, mazaunin mahaninsu ɗaya, ana buɗe su tare a rufe su tare. Irin wannan jeri suka raɗa wa suna oferon. Cikakken bayaninsu ya fito a 1961, kuma a 1965 aka ba Jacob da Monod da Lwoff lambar Nobel.

4.0 Kama Mahani da Sanin Siffarsa

Har zuwa lokacin da aka ba da lambar babu wanda ya taɓa riƙe mahani a hannu. Hankali ne kawai ya nuna akwai shi, har ma Jacob da Monod da farko sun karkata ga cewa RNA ne. Wahalar kama shi ita ce ƙarancinsa, domin kamar guda goma ne kacal a cikin kowace bakteriya. A 1966 Walter Gilbert da Benno Müller-Hill na Jami'ar Harvard ta Amurka suka yi masa tarko da IPTG wanda aka yi wa alama, suka bi abin da ya riƙe alamar har suka ware shi, suka tabbatar furotin ne. Gani ya kori ji. A shekarar da ta biyo, Mark Ptashne, shi ma a Harvard, ya ware mahanin wani bairas da ke kwanciya a cikin E. coli, ya nuna cewa lalle a jikin DNA yake maƙalewa, kuma a gurbi na musamman.

Yau an san siffar mahanin laktos filla-filla. Gaɓoɓi huɗu ne iri ɗaya suka haɗu suka yi shi. Kowace gaɓa tana da kai wanda yake shiga cikin kwarin zaren DNA yana shafar baƙaƙen, tana kuma da aljihu wanda ƙaramin sinadari zai iya shiga. Gurbin da yake nema bai fi baƙaƙe ashirin da 'yan kai ba a cikin miliyan 4.6, kuma yana samunsa ne ta hanyar kama zaren ko'ina, ya ɗan zame a kansa, ya saki, ya sake kamawa a wani wuri, har ya dace. Da yake hannu biyu gare shi, yakan kama babban gurbi da hannu ɗaya, ya kama wani ƙaramin gurbi da ke nesa kaɗan da ɗayan, zaren ya lanƙwashe ya yi zobe, rufin ya ƙara ƙarfi.

Mabuɗinsa kuwa ba laktos ne kai tsaye ba. A 1972 aka tabbatar cewa wuƙar nan, ban da yanka, takan juya kaɗan daga cikin laktos ya koma wani ɗan'uwansa da ake kira alolaktos, shi ne yake shiga aljihun mahani. Da ya shiga sai siffar mahani ta sauya, riƙonsa ya yi sako-sako, ya saki zaren, magatakarda ya wuce. In sukari ya ƙare, aljihu ya koma wofi, mahani ya koma mazauninsa. Mai karatu zai iya tambaya, in ƙofa a rufe take, wuƙa ma ba a ƙera ta, ta ina laktos na farko zai shigo har a sami mabuɗi? Ai rufin ba ya zama cif. Jefi-jefi mahani yakan suɓuce na ɗan lokaci, a juya takarda ɗaya ko biyu, saboda haka kullum akwai 'yar ƙofa da 'yar wuƙa a ajiye, masu jiran baƙo.

5.0 Mazugi

Bayan nasarar 1961 mutane da yawa sun ɗauka kowane oferon da hani ake sarrafa shi. Wani masani Ba'amurke, Ellis Englesberg, ya nuna a 1965 cewa wajen cin wani sukari mai suna arabinos akwai furotin wanda sai yana nan ake karanta babin, in ya lalace kome ya tsaya. An daɗe ana ja da shi kafin a yarda. Irin wannan furotin shi za mu kira mazugi, domin aikinsa ya yi kama da na mai zuga a maƙera, wanda in ya tsaya wuta ta kwanta.

A 1970 aka gano cewa shi kansa oferon na laktos yana da mazugi, wanda ake kira CAP. Mafarin wannan oferon ba ya jan magatakarda sosai, ko da mahani ya tashi. Sai mazugi ya zauna kusa da mafarin, ya tanƙwara zaren, ya riƙo magatakarda ya zaunar da shi, sa'an nan aiki yake kankama. Shi kuwa mazugi ba ya iya kama zare sai wani ƙaramin sinadari, wanda yake alamar yunwa a cikin bakteriya, ya shiga aljihunsa. Daɗin daɗawa, muddin gulukos yana shigowa, akwai wani furotin da yake danne ƙofar laktos ya hana ta aiki. Wannan shi ne bayanin abin da Monod ya gani a kwalbarsa: ba a buɗe babin laktos sosai sai sharaɗi biyu sun cika, akwai laktos, babu gulukos.

Akwai kuma mahanin da tafiyarsa kishiyar ta laktos ce. E. coli tana iya haɗa wa kanta wani tubalin furotin da ake kira tiriftofan. Mahanin wannan oferon ba ya kama zare sai tiriftofan ya shiga aljihunsa, watau kayan da aka ƙera su ne suke rufe maƙerarsu in sun wadata. A jimlace E. coli tana da furotin masu ragama wajen 300, wasu babi ɗaya ko biyu suke tsaro, wasu kamar CAP suna da hannu a ɗaruruwa.

6.0 Magani da Cuta

Amfanin wannan ilimi bai tsaya a ɗakin bincike ba. Tun da aka san mahani da mabuɗinsa, sai ya yiwu a ɗauko babi daga wata halitta a dasa shi a bayan mafarin laktos, a buɗe shi lokacin da ake so. Ta haka ne a 1978 masana a jihar Kalifoniya suka sa E. coli ta ƙera sassan insulin irin na ɗan Adam, kuma a 1982 aka ba da izinin sayar da insulin da bakteriya ta ƙera ga masu ciwon sukari.

Ita ma bakteriya da irin wannan ragama take kare kanta daga magungunanmu. Wasu ire-irenta suna da babin wani famfo mai fitar da maganin tetrasaikilin waje, amma mahani yana zaune a kansa, domin ajiye famfon a banza yana cutar da ita. Da maganin ya shigo sai ya faɗa aljihun mahani, mahani ya tashi, a ƙera famfo. Maganin da kansa ne mabuɗin abin da zai kore shi. Duk sa'ad da aka sha irin wannan magani barkatai, ko aka ɗura wa kaji da dabbobi ba bisa ƙa'ida ba, ana kashe bakteriyar da ba ta da famfo ne, a bar wa mai famfo fili.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 wannan cuta ta ɓarke a arewacin Nijeriya, ta fi tsanani a Kano, ta kuma taɓa Yobe da Katsina da Borno da Bauchi, har da yankin Damagaram a Nijar, kuma yawancin waɗanda ta kama yara ne da ba a yi wa allurar rigakafi ba. Bakteriyar mashaƙo a maƙogwaro take zama, amma dafin da take fitarwa shi ne yake kashe naman wurin, ya bi jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi. Émile Roux da Alexandre Yersin na Cibiyar Pasteur ne suka gano dafin a 1888. A 1936 aka lura cewa ba ta yin dafi da yawa sai in sinadarin ƙarfe ya yi ƙaranci a abincinta, a 1951 kuma aka gano cewa babin dafin ba nata ba ne na asali, wani bairas ne ya shigo mata da shi. Sai a 1990 aka ware babin mahanin da ya haɗa waɗannan abubuwa, wanda ake kira DtxR. In ƙarfe ya wadata, yakan shiga aljihun wannan mahani, mahani ya zauna a kan babin dafi. Jikin ɗan Adam kuwa ɓoye ƙarfensa yake yi a cikin wasu furotin don kada ƙwayoyin cuta su samu. Saboda haka da bakteriyar ta sauka a maƙogwaro sai ta ji ƙarancin ƙarfe, mahani ya tashi, dafi ya kwararo.

Wannan bayani ba ya nufin a ba marar lafiya maganin ƙarin jini don a kashe dafin. Maganin mashaƙo a asibiti yake, watau allurar karya dafi da magungunan kashe bakteriya, kuma da gaggawa. Amma masu haɗa allurar rigakafi suna cin moriyar wannan sani: sukan rena bakteriyar a ruwan da aka rage wa ƙarfe don ta zubo dafi mai yawa, sa'an nan a kashe kaifinsa da sinadarin fomalin, bisa hanyar da Gaston Ramon ya fito da ita a 1923. Dafin da aka dakushe shi ake yi wa yaro allura da shi, jikinsa ya san abokin gaba tun kafin su gamu. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

7.0 Kammalawa

An ga yadda bakteriya, wadda ba ta da ƙwaƙwalwa ko jijiya, take auna abin da ke kewaye da ita ta hanyar furotin masu kai biyu, ɗaya yana karanta zaren gado, ɗaya yana jin sukari ko ƙarfe ko magani. Mahani yana tare magatakarda, mazugi yana jawo shi, kuma ƙaramin sinadarin da ya shiga aljihu shi ne yake sauya hukunci. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa jikin ɗan Adam ma a kan wannan tushe yake, ko da yake tsarinsa ya fi sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Littafin da ke cikin tantanin hanta shi ne a cikin tantanin ƙwaƙwalwa, babin da aka buɗe ne ya bambanta su, kuma an ƙiyasta furotin masu wannan aiki a jikinmu sun kai wajen 1,600.

Sunayen da aka yi amfani da su a nan, irin su mahani da mazugi da magatakarda da takardar aike, shawara ce ake miƙa wa malaman kimiyya da masana harshe. In sun ga sun dace, sai a gwada su a aji a ji yadda ɗalibai za su karɓe su. In kuwa akwai waɗanda suka fi su, shafukan wannan mujalla wuri ne da ya dace a kawo su a tattauna.